Ranar da Aka Sauko da Noeline Sanye da Ledar Shara

Yayata Noeline ba ta iya gaisawa da mutum kamar sauran jama'a. Hannunta na dama yana cikin naka, na hagun yana murza hannun rigarka tsakanin yatsu biyu, tana so ta san da me aka saƙa ta. Ta yi wa faston cocinmu haka, ta yi wa likitan da ke duba mata gwiwa, ta yi wa ɗan sandan da ya tsayar da ita a hanyar Deloraine. Ranar da 'yata Tamsin ta kawo mana saurayin da za ta aura, bawan Allah ya sha guga, ya riƙo furanni, bai ko zauna ba Noeline ta cafke shi.

"Auduga," ta ce, tana kallon Tamsin kamar an gano masa wata cuta. "Zalla kuwa."

"Anti, cin abinci fa ya zo yi."

"Yau ke nan. Gobe fa, in kin ja shi saman dutse?"

Na shige kicin na turo ƙofa, don in na tsaya sai mun yi abin kunya a gaban baƙo.

Mu huɗu aka haifa a gidan Cyril Bramich, duk mata, a wata gona bayan Mole Creek, inda in ka fito shanya sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga ƙarshen dutse. Noeline ce babba, ni Glenys ni ce auta, shekara bakwai tsakaninmu. In zafi ya kama, Baba yakan kora shanu can saman tudu su yi kiwon wata uku, kuma da yake bai samu ɗa namiji ba, Noeline ya ɗora a kan doki tun tana 'yar shekara tara. Ni sau biyu na bi su. Matsattsaku suka cika mini safa, na yi ta ihu har shanu suka watse, Baba ya ce a bar ni wajen Inna. Ban taɓa jin haushin wannan hukunci ba.

Baba ba mai koyarwa da baki ba ne. Ulu yake sawa daga fata har waje, ko a tsakiyar Janairu, lokacin zafinmu, da kwalta ke narkewa a gari, ga wata tsohuwar kwat shuɗiya mai nauyin ɗan maraƙi ɗaure a bayan sirdi. Noeline kwaikwayonsa kawai take yi, ba ta taɓa tambayar dalili ba. Sai da ta kai shekara sha tara ta ga dalilin da idonta. Wani malamin makaranta daga Launceston ya hau kamun kifi a tafkunan sama, mako guda kafin Kirsimeti, da rigar auduga da wandon jins, don ranar da ya tashi zafi ake yi. Da yamma iska ta juya. Kwana uku maza suna nemansa, kuma Noeline ce ta same shi, a mace, zaune jingine da wani dutse, taku ɗari biyu daga bukkar da Baba ke kwana in ya hau kiwo, inda akwai itace da ashana. Ta dawo gida ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba. Sau ɗaya tak ta taɓa yi mini maganar, muna fere dankali, ta ce rigarsa ta sandare kamar kwali. Daga nan ba ta ƙara ba, kuma daga nan babu wanda ya sake samun sukuni a garinmu.

Ta auri Merv Aylett, mai kiwon zuma, mutumin da yakan yi yini guda bai furta kalma goma ba, kuma ban ga inda zai samu sararin furtawa ba. 'Ya'yansu biyu maza suna girma suka tattara suka koma Darwin, inda ko a mafarki ba a neman suwaita. Ta yi shekara ashirin tana tuƙa motar makaranta, yaron da ya fito ba rigar sanyi kuwa sai ya koma ya ɗauko, sauran su jira shi, kowa ya makara, shugaban makaranta ya yi ta faɗa, gobe ta maimaita.

Da baƙi masu hawan dutse suka fara yawa, wani mutum mai suna Kerrod ya sayi ƙananan bas guda uku yana kai su bakin hanyoyin sama, ya ɗauki Noeline direba. Ina ganin ya yi zaton ya samu dattijuwa mai fara'a da za ta riƙa ba baƙi labarin zamanin da. Na taɓa bin ta sau ɗaya don motata ta lalace, na ga fara'ar.

Ta tsaya a ƙofar bas, makulli a aljihu. "Kowa ya buɗe jakarsa."

"Me za ki gani a ciki?" wani saurayi mai gemu ya tambaya.

"Abin da za a same ka da shi."

Ya ciro wata ƙatuwar rigar sanyi mai tsada, ya ɗaga mata da alfahari. Ta murza, ta mayar masa.

"Wannan ta zaman kallon ƙwallo ce. Ka sa ta kana hawa, minti goma ka jiƙe da gumi. Ka cire ta, ba ka da komai a ƙasa sai wannan tsumman audugar, ta sha gumi ta manne maka a baya, iska ta buga ta. Ba riga ɗaya mai kauri nake nema ba, ɗana. Uku nake nema. Ta ulu marar nauyi a jikin fata, suwaita a kanta, rigar ruwa a waje. Ka ji zafi ka rage, ka tsaya ka ƙara. Hula da safar hannu a cikin leda, da busassun kaya da ba za ka taɓa ba sai ka isa inda za ka. Ina naka?"

"An ce yau rana za a yi."

"Wa ya ce? Wayarka? Ta taɓa hawa?"

A bayan bas ɗin tana da wani akwatin roba cike da suwaita, da huluna, da dogayen wandunan ulu. Duk Talata sai ta zaga shagunan gwanjo na Deloraine da Devonport ta kwaso duk abin da yake ulu ne, ba ruwanta da kyau ko muni. Akwai wata ruwan goro mai hoton agwagi a ƙirji, wadda ina jin ta hau duwatsun nan fiye da kowane ɗan'adam. Wanda kayansa ba su yi mata ba, ko ya ara daga akwatin ko ya tsaya a ƙasa. In sun dawo da su, jiƙe, da taɓo, da warin tunkiya, gidan wa kuke zaton ake kawowa? Noeline ta ce igiyar shanyata ta fi tata samun iska. Shekara sha huɗu ina wanke suwaitar mutanen da ban sani ba, da hannu, a bahon wankana. Mijina ya ce ko a coci yana jin warin a jikinsa.

Kerrod ya sha kiranta ofis. Baƙi suna rubuta ƙorafi a intanet, wannan ya ce direba ta tuɓe shi a bainar jama'a, waccan ta ce an kira wandonta likkafani. Yakan ce, "Nol, don Allah, mutanen nan hutu suka zo." Ita kuma ta ce, "To, su koma gida da ƙafarsu su ci gaba da hutun." Bai kore ta ba, domin a cikin shekarun nan duka ba a taɓa sauko da fasinjanta ko ɗaya a kwance ba. Gwiwarta ce ta kore ta, da ta kasa taka kuloci. Merv kuma ya rasu a shekarar. Ta mayar da akwatin bayan motarta, ta ci gaba da tare mutane a filin ajiye motoci ba tare da kowa ya sa ta ba.

Shekara uku da suka wuce, a Janairu, ta kira ni ta ce 'yan sa-kai sun sake wa bukkar Baba rufi, kuma a watan Afrilu za a yanka mata gwiwa, ba ta san ko za ta sake hawa ba. Tana so ta je ta gani, kuma da ni za ta.

"Nol, rabona da hawa tun ina firamare."

"Shi ya sa kika zama haka."

Na ce ba zan je ba. Na je.

Ranar tun ƙarfe bakwai na safe ake zuba zafi. Muna isa bakin hanya ta zagayo ta tsaya a gabana.

"Me ke ƙarƙashin wannan?"

"Abin da ke ƙarƙashin rigar kowace mace."

"Auduga ce?"

"Noeline, a filin mota muke!"

"Zagaya bayan mota ki cire. Ba wanda ya taso daga gidansa don ya kalle ki."

Ina tsugune a bayan mota, mace mai jikoki biyar, ina kokawa da wata rigar ulu mai ƙaiƙayi, sai ga wata mota da aka ɗauko haya ta tsaya. Wani dogon mutum ya fito, zai yi shekara hamsin da wani abu, da gajeren wando da farar riga mai gajeren hannu, takalmansa sababbi ƙal. Matarsa siririya ce, ita ma da 'yar riga da ƙaramar jaka da ba za ta ci fiye da gorar ruwa ba. Wajen gaisuwa muka ji sunansa Warwick, likitan haƙori ne daga Brisbane, matar kuma Odette, watansu biyu da aure. Kafin su kulle mota Noeline ta buɗe akwati ta nufe su da suwaita biyu.

Warwick ya saurare ta da murmushin da ake yi wa tsofaffi. "Mun gode, Mama. Na hau duwatsun da suka ninka wannan sau huɗu."

"Wanda ya ɗaukar maka kaya a can bai biyo ka nan ba."

Odette ta yi dariya ta miƙa hannu za ta karɓa. Ya ce, "Haba, zuwa tafki ne kawai mu juyo. Dubi sama." Ta dubi sama, ta dubi agwagin da ke ƙirjin suwaitar, ta janye hannunta. Suka wuce. Gaskiya ni ma a raina bayansa na bi, domin ko ɗigon gajimare babu.

Hawan ya ɗauke mu awa uku, ita tana ɗingishi da sanda biyu, ni ina haki. Jakata kamar an zuba duwatsu, don ita ta shirya ta. Sau takwas ta tsayar da ni, na ƙirga. "Cire suwaitar, kin fara gumi." Na cire. Muka tsaya shan ruwa. "Mayar." "Ba na jin sanyi." "In kin ji ai kin makara. Mayar." Na ce mata da na san tuɓe da sawa za mu yini yi, da na zauna a ɗakina na yi shi gaban madubi.

Muka fito saman tudu wajen sha ɗaya da rabi, fili ne shimfiɗe ba itace, sai duwatsu da ƙananan tafkuna. Muna cin burodi da naman rago a bakin wani tafki, na ga ruwan ya sauya launi, daga shuɗi ya koma kamar bayan tukunyar ƙarfe. Noeline ta juya yamma, ta ajiye burodinta rabi.

"Saka komai. Har wandon ruwa."

Ina ganin fuskarta na hau sakawa. Ban gama ɗaure hula ba iska ta iso, a bayanta ruwa gauraye da ƙanƙara yana zuwa a kwance, yana dukan kunci kamar tsakuwa. Cikin minti ashirin ba ka ganin abin da ya wuce taku goma. Daga nan bukkar ta fi mota kusa, sai muka ci gaba, muna bin tarin duwatsun da ke nuna hanya ɗaya bayan ɗaya.

A gindin tari na shida ko na bakwai muka same su. Sun ɓace hanya sun dawo sun sake ɓacewa. Odette tana tsaye tana karkarwa har haƙoranta na ƙara. Warwick yana zaune a ƙasa, farar rigar ta manne masa kamar fata, ƙafafunsa sun yi ja, yana ta danna wayar da ba sabis da yatsun da ba sa lanƙwasuwa.

Na zaci za ta ce masa wani abu. Ba ta ce ba. Ta jawo Odette bayan wani dutse, ta tuɓe mata jiƙaƙƙiyar rigar, ta zazzage busassun kayanta na cikin leda ta sa mata duka, ta naɗe ta da wata babbar ledar gaggawa ruwan lemo, irin wadda ake shiga don tsira daga sanyi. Sannan ta juyo kan mijin. Ta fizge wayar ta cusa a aljihuna, ta ce in riƙe hannuwansa sama, muka zare masa rigar kamar yaro. Ta cire rigar ruwanta, ta cire suwaitarta, ta cire wandon ruwanta, ta sa masa. Abin da ya rage a jikinta rigar ulu ce marar nauyi da wandon tafiya.

"Ga nawa busassun," na ce, ina ƙoƙarin sauke jaka.

"Kar ki kuskura ki buɗe. Su kaɗai suka rage mana."

"To karɓi rigar ruwana."

"Ke? Minti biyar za ki yi ki zube, kuma ba mai iya ɗaukar ki." Ta zaro baƙar ledar sharar da ta shimfiɗa a cikin jakarta, ta huda ta da haƙori, ta zura kai da hannuwa. "Tashi, likita. Ka hau waɗanda suka ninka wannan, ai wannan ba zai gagare ka ba."

Awa ɗaya da rabi muka yi kafin bukkar. Da farko tana gaba tana ba da umarni, tana zagin Warwick in ya tsaya, tana sa Odette ta faɗi sunayen ƙannenta don kar ta yi shiru. Ruwan ya koma dusar ƙanƙara, ta fara taruwa a kafaɗunmu. Can sai na lura na daɗe ban ji muryarta ba. Tun ina yarinya nake roƙon Allah ya nuna mini ranar da Noeline za ta yi shiru, ranar ta zo, kuma ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na kira ta, ta juyo tana kallona kamar tana neman inda ta san ni. Sandarta ɗaya ta faɗi, ba ta ma sani ba. Muna hango rufin bukkar ta taka wani jiƙaƙƙen dutse, gwiwar ta murɗe, ta faɗi, kuma ba ta ko ce wash ba.

Ni da Warwick muka ja ta zuwa ciki. Ban san ina da murya ba sai ranar. Na ce masa ya hura wuta, ya ce yatsunsa ba sa kama ashana, na ce ya kama da haƙoran da yake taƙama da su. Odette ce ta kunna. Na yage ledar daga wuyan yayata, na cire mata jiƙaƙƙun kayan, na ga yadda ta rame tun rasuwar Merv, duk ƙashi, abin da suwaita ta ɓoye mana shekara biyu. Na buɗe ledar da ta hana ni buɗewa, na sa mata kayana, suka yi mata yawa kamar an rataya a ƙusa. Muka shiga ledar gaggawar ni da ita, na rungume ta ta baya, Odette tana ɗura mata shayi mai sukari da cokali. Ina ta yi mata faɗa a kunne. Na ce mata duk abin da na tara tun muna yara, har da maganar 'yartsanata da ta ba kare.

An fi rabin awa kafin ta fara karkarwa, sannan ta buɗe ido sosai. Ta dubi rufin sabo, ta dubi murhu.

"Wa ya rataya safa a nan? Za ta ƙone."

Odette ta fashe da kuka. Ni kuwa da ba don a cikin leda ɗaya muke ba, da na mare ta.

Ƙarfe huɗu rana ta fito, tas, kamar ba a yi komai ba, dusar tana narkewa tana ɗiga daga rufi. Amma gwiwar ta kumbura kamar kabewa. Warwick, wanda tun da muka shigo bai iya haɗa ido da kowa ba, ya ce zai sauka ya kira taimako. Noeline ta sa shi ya ci, ya sha, ta hana shi cire rigar ruwanta, ta sa ya maimaita mata hanyar sau uku. Mu uku muka kwana a bukkar.

Da safe ana yayyafi. Na ba ta rigar ruwana ta ƙi, ta sa aka ɗaure mata yagaggiyar ledar sharar da igiyar takalmi. A haka 'yan aikin ceto suka same ta, su takwas, da gadon ɗaukar marasa lafiya. Babu ɗaya a cikinsu da bai taɓa hawa motar makarantarta ba. Shugabansu Denzil, mai gonar shanun madara, ƙato mai furfura a gemu, ya tsaya a ƙofa ya daɗe yana kallonta. Na ga kumatunsa suna rawa.

"Misis Aylett," ya ce a hankali, "ina rigar ruwanki?"

"Denzil, ka kiyaye ni."

"A'a, tambaya ce. Ko za ki koma gida ki ɗauko, mu jira ki?"

Sauran suka fita waje suna tari. Ta ce ba za ta hau makara da ranta ba, a ba ta sandunanta. Ta miƙe, ta zauna. Suka ɗaure ta a gadon, suka ɗauka, awa biyar suna saukowa da ita, duk inda aka tsaya hutawa sai wani ya zo ya murza ledar tsakanin yatsunsa ya girgiza kai.

A filin mota akwai wani ɗan jarida da kyamara. Washegari hoton ya fito a shafin farko, Noeline kwance, baƙar leda har wuya, gashi a tsaye. A sama an rubuta cewa an ceto wata tsohuwa 'yar shekara sittin da tara da ta hau dutse ba rigar ruwa. A ƙasa kuma an ja hankalin jama'a su riƙa shiga irin ta hawan dutse, an jero shawarwari biyar, waɗanda kalma da kalma an kwafo su ne daga wata takarda da Noeline ta rubuta da hannunta ta liƙa a bas ɗin Kerrod shekaru da suka wuce.

Na ɓoye jaridar. Amma a Mole Creek muke. Kafin azahar mutum huɗu sun kai mata tasu har gadon asibiti. Da aka sallame ta ta tarar an rataya rigar ruwa ta yara, mai hoton kwaɗi, a akwatin wasiƙunta. Kerrod ya zo gaisuwa da kek, ya zauna, ya buɗe baki, dariya ta ƙwace masa, ya ajiye kek ɗin ya fita. Ba ta sake zuwa coci ba sai bayan wata guda.

Warwick dai ya yi abin da ya kamata. Ya rubuta wa jaridar doguwar wasiƙa ya faɗi abin da ya faru, bai rage wa kansa komai ba. Ya kuma aiko da kayanta daga Brisbane a cikin kwali, da katin godiya. Sai dai ya jefa suwaitar a injin wanki da ruwan zafi, ta dawo daidai jikin ɗan shekara huɗu, ta yi tauri kamar tabarmar ƙofa. Noeline ta ɗaga ta da yatsu biyu ta ce, "Kuma wannan mutumin ake buɗe wa baki ya sa ƙarfe a ciki."

Jaridar ba ta buga wasiƙar ba. Bayan mako shida ta buga gyara, layi huɗu, a shafi na sha tara, ƙarƙashin farashin shanu, kuma ta kira ta Noreen.

An yi mata aikin gwiwa a Afrilu. Kwana sha biyu bayan nan ta kira ni ta ce in zo da mota. Na zaci asibiti za mu koma. Sai da muka hau babban titi ta ce ofishin jarida za mu. Na ce likita ya hana ta hawa bene, ta ce likita ba shi aka kira Noreen ba. Ta hau matakala ashirin da biyu da sandunan guragu, ina bayanta da hannuwa a buɗe ko za ta faɗo. Editar wata matashiya ce, ta fito a tsorace, ta ba ta kujera, ta saurare ta minti arba'in ba ta katse ta ba. Ina jira a kira mana masu gadi. Da Noeline ta tsaya shan numfashi, sai matar ta ce tana da ɗan fili a jaridar ƙarƙashin hasashen yanayi duk Juma'a, ko Misis Aylett za ta riƙa rubuta abin da ya kamata masu hawa su sa a ƙarshen mako, da sunanta a kai, rubuce daidai?

A mota na ce, "To, kin huce?"

"Ke za ki riƙa bugawa," ta ce. "Ni ban iya kwamfuta ba."

Yau shekara uku ke nan ba ta tsallake Juma'a ko ɗaya ba. Sabuwar gwiwar tana kai ta tafkin farko ta dawo da ita, ba ta wuce nan. Odette tana aiko mata da kati duk Kirsimeti, kuma bara sun zo su biyu, ta karɓi matar a falo, ta tura mijin ya faskara mata itace. Duk Laraba ƙarfe shida na safe wayata take ƙara, kafin in ce komai ta fara shifta, ni kuma ina zaune bakin gado da ido ɗaya a buɗe ina rubutawa a bayan ambulan. Wannan makon ta ce in rubuta, "Asabar iska za ta juyo daga yamma da rana tsaka, saboda haka wawayen da ke shirin hawa da jins su fara sallama da iyayensu." Na buga, "Ana shawartar baƙi su guji wandon jins." Jiya da jaridar ta fito ta kira ni tana huci, ta ce yarinyar nan editar ta sake lalata mata rubutu, kuma mako mai zuwa in fito da mota mu je ta ji dalili. Na ce mata motar tana wajen makaniki.